IEPE, mai caji ko MEMS: wanne ma'aunin girgiza zai shiga DAQ ɗinka, kuma me za ka sa a tsakani?

Ga tambayar da ɗan'uwanmu ya kawo, a taƙaice. Yana da janaretan dizal mai silinda shida da ke juyawa sau 1,500 a minti, yana so ya riƙa auna girgizarsa a wuri huɗu: gidan boris na altaneta, jikin injin, kusa da turbo, da kankaren da aka girke janaretan a kai. Kwamfutar tana ofis, tazarar ta kai mita 60. A hannunsa akwai na'urar tattara bayanai (DAQ) ƙirar USB-6009 ta kamfanin NI, da ma'aunan girgiza uku: sabo mai 100 mV/g (wato milibolt 100 ga kowace g, awon ƙarfin girgiza daidai da janyowar ƙasa), tsoho da ya tsinta a sito an rubuta masa 10 pC/g (pC awon caji ne), da ɗan allon ADXL335. Ya jona sabon kai tsaye, bai ga komai ba sai layi a kwance da 'yar rawa ta 50 Hz. Yana tambaya ko ma'aunin ya lalace ne, kuma cikin ukun wanne ya fi.

Malam, da wuya a ce ya lalace. Wuta ce ba ka ba shi ba. Waɗannan ukun suna auna abu ɗaya, amma abin da ke fitowa ta wayar kowanne daban ne, don haka abin da za ka sa tsakaninsa da DAQ ma daban ne.

Sabon, mai 100 mV/g

Wannan shi ake kira IEPE. Kamfanin PCB na kiransa ICP, Brüel & Kjær na kiransa DeltaTron, Kistler na cewa Piezotron, Endevco kuma Isotron; duk tsari ɗaya ne, kuma suna shiga akwatunan juna. A cikinsa akwai kiristal da ke fitar da caji in an matsa shi, da 'yar amfilifaya a gefensa. Amfilifayar na buƙatar wuta, ga shi waya biyu kacal ke fitowa daga jikinsa. Dabarar ita ce, ta wayar da sigina ke fita, ta nan wuta ke shiga. Ana tura masa karant tsayayye tsakanin 2 zuwa 20 mA, galibi 4 mA, daga tushen da ke da 18 zuwa 30 V. Da ya samu, sai wayar ta tsaya a kan wajen 8 zuwa 12 V, girgizar ta hau kan wannan ta riƙa hawa da sauka har 5 V kowane ɓangare. Shi ya sa mai 100 mV/g ke tsayawa a kusan g 50.

USB-6009 ba ta da wannan tushen karant, karatu kawai take yi. Amfilifayar ba ta farka ba, wayarka ta zama eriya tana tsintar wutar ɗakin, ita ce 50 Hz ɗin da ka gani.

Hanya biyu gare ka. Ta farko, ka sa akwatin gyaran sigina a tsakani. Irin su PCB 480E09 suna aiki da batir uku masu 9 V, suna ba ma'auni karant, su cire 8 zuwa 12 V ɗin nan da kafasita, su miƙa wa DAQ girgizar zalla, har da maɓallin ninka ta sau 1, 10 ko 100. Mai hannu a lantarki zai iya haɗa nasa: tushen 24 V mai tsabta, diyod mai tsayar da karant irin 1N5305 da ke ba da 2 mA, sai kafasita a kan hanyar DAQ. A wajen kafasitar ake yawan kuskure. Ƙofar USB-6009 tana da 144 kΩ ne kawai, ba 1 MΩ da aka saba gani ba. In ka sa 1 µF, za ta fara yanke abin da ke ƙasa da wajen 1.1 Hz, in ka sa 10 µF, sai ya sauko 0.11 Hz, amma za ka jira daƙiƙu kaɗan bayan kunnawa kafin layin ya nutsu. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne jona ma'aunin IEPE da batir ko caja kai tsaye ba tare da mai tsayar da karant ba. Nan take amfilifayar ke ƙonewa, kuma a rufe take cikin ƙarfe, ba ta gyaruwa.

Hanya ta biyu, ka canza DAQ ɗin zuwa wadda aka yi don wannan aiki. NI 9234 misali ce da aka sani: ƙofa huɗu, bit 24, karatu 51,200 a daƙiƙa ga kowace ƙofa a lokaci guda, karant 2 mA a ciki, da matatar da ke hana girgiza mai sauri shigowa da rigar wata. Za mu dawo kan wannan matata, domin ita ce babban bambancin na'urorin biyu.

IEPE na da wani alheri da sauran ba su da shi: da maltimita kaɗai za ka san lafiyar layin. Auna DC a kan wayar sigina kafin kafasita. In ka ga 8 zuwa 12 V, lafiya lau. In ka ga kusan sifili, wayoyi sun haɗe, galibi a bakin haɗi. In ka ga cikakken ƙarfin tushen, wato 24 V ko makamancinsa, waya ta tsinke ko fulogi bai shiga ba. In kuma allura na yawo sama da ƙasa, ko danshi ya shiga bakin haɗi ko zafi ya fara cin amfilifayar.

Zafin nan shi ne iyakarsa. Yawancinsu suna tsayawa a wajen digiri 120. Gidan boris da jikin injin ba su kai nan ba in injin na lafiya. Kusa da turbo kuwa, labari ya sha bamban.

Tsohon, mai 10 pC/g

Wannan kiristal ne tsirara, babu lantarki a cikinsa, kuma ba ya cin wuta. Abin da yake fitarwa caji ne ɗan mitsitsi, ba boltij da DAQ za ta karanta ba. In ka jona shi da USB-6009, cajin zai zurare ta 144 kΩ ɗin nan kafin a karanta shi. In ka jona shi da ƙofar IEPE, ba abin da zai fito mai amfani. Yana buƙatar amfilifayar caji, irin tsohuwar Brüel & Kjær 2635 da har yau ake samu a ɗakunan gwaji. Aikinta shi ne tara cajin a kan wata kafasita ta cikinta: boltij ɗin da ke fita shi ne cajin a raba da girman kafasitar. Da 1 nF, ma'auninka zai ba da 10 mV/g. Da 100 pF, zai ba da 100 mV/g. Ma'auni ɗaya ke nan zai iya auna babbar girgiza da ƙarama, ta murɗa maɓalli kawai, abin da IEPE ba ya yi.

Rashin lantarkin ne ya ba shi juriyar zafi. Na gama-gari irin B&K 4371 na kai digiri 250, na musamman kuma na wuce 450. Amma kowane allazi da nasa amanu, kuma amanun wannan a kebur yake. Kebur ɗin talabijin ko RG58 na kasuwa ba zai yi ba. In kebur na motsi, ragar waya na gogar robar ciki, gogayyar na haifar da nata cajin, amfilifaya kuma ba ta san na kiristal da na kebur ba, duka za ta ɗauka. Sai kebur na musamman mai shimfiɗar gawayi a ƙarƙashin raga, a kuma ɗaure shi da jikin injin tun daga 'yan santimita kaɗan bayan ma'aunin, don kada ya riƙa lilo. Gwaji mai sauƙi: injin a kashe, ka ɗan ƙwanƙwasa kebur da yatsa kana kallon allo. In layi ya yi tsalle, ko kebur ɗin ba nasa ba ne ko ya gaji.

Sai tsabta. Tsakanin tsinken tsakiya da jikin bakin haɗi dole juriya ta kai dubban megohm. Ƙurar hunturu in ta haɗu da tururin baƙin mai na ɗakin janareta takan yi wani danƙo a kan farar robar bakin, damina ta zo ta ƙara masa danshi. Alamarsa ita ce layi ya riƙa gangarawa gefe guda a hankali har ya buge iyaka, ko ƙananan Hz su ɓace. A wanke bakin da sinadarin isopropyl, a bar shi ya bushe, kada yatsa ya taɓa robar. Kafin a soka shi a amfilifaya, a ɗan haɗa tsinken da jikin bakin, don cajin da ya taru ya sauka.

Kada ka ja kebur ɗin caji mita 60. Tsawon ba ya canza awon, amma hayaniya na ƙaruwa da kowace mita, ga tsada. Abin da ake yi shi ne mita biyu ko uku na kebur mai jure zafi, sannan 'yar na'urar da ke juya caji zuwa IEPE, mai girman batirin tocila, irin jerin PCB 422E. A ajiye ta inda zafi bai kai ba. Daga bayanta komai ya koma IEPE, kebur ɗin talaka ya wadatar, kuma ƙofa ɗaya a DAQ ɗaya za su shiga da sauran.

Wani gargaɗi: digiri 250 ba lasisin ɗaura shi a kan manifol ba ne. Hayaƙin dizal mai ɗauke da kaya na wuce digiri 400. Auna zafin wurin da bindigar awon zafi, injin na cikin aiki, kafin ka huda ko ka manna komai. Kuma tunda daga sito ya fito, ba a san sau nawa ya faɗi ƙasa ba, a gwada shi tukuna.

Ɗan allon ADXL335

Shi kuma MEMS ne, wato ɗan mitsitsin ma'auni da aka sassaƙa a kan silikon. Yana son wuta tsayayya ta wajen 3 V a ƙafarsa ta daban, yana ba da kusan 300 mV/g, in babu motsi kuma yana tsayawa a rabin wutar, wato 1.5 V. Iyakarsa g 3. A jikin injin dizal, bugun silinda kaɗai zai cika shi ya tumbatsa, kuma awon da ya buge iyaka ba ya gyaruwa da lissafi.

Abu biyu ke yaudarar masu amfani da shi. Na farko, a kowace cikin mafitunsa uku (X, Y da Z) akwai rizista 32 kΩ a ciki, masu allon kuma galibi suna manna kafasita 0.1 µF, abin da ke yanke awo a 50 Hz. Janaretanka na juyi 25 a daƙiƙa, bugun silinda shida na faɗawa a 75 Hz, to 75 ɗin tuni an rage masa tsawo ba ka sani ba. In an canza kafasitar, X da Y na kai 1,600 Hz, Z kuma 550 Hz. Na biyu, 32 kΩ ɗin nan in ta haɗu da 144 kΩ ta USB-6009, kusan kashi 18 cikin 100 na siginar ya tafi. Sai an sa amfilifaya mai riƙe ƙarfi a gindin allon. Har ila yau awonsa na bin wutar da aka ba shi, in wutar ta yi rawa awon ma zai yi, don haka kada a ciyar da shi daga layin da ke ɗauke da wani kaya. Kuma kada mafitarsa ta kusanci ƙofar da aka kunna wa IEPE, 24 V zai kashe shi.

Inda ya fi sauran biyu shi ne ƙasa-ƙasa. Yana auna har sifilin Hz, wato yana jin nauyin duniya kansa, abin da kiristal ba ya yi. Saboda haka gwajinsa kyauta ne: kwantar da shi a tebur, rubuta awo, kifa shi, sake rubutawa, bambancin g 2 ne cif, wajen 600 mV. Don kankare da bangon ɗaki, inda girgizar ba ta da ƙarfi kuma a hankali take, zai yi maka aikin farko. Akwai MEMS na zamani da suka shiga gonar IEPE, irin ADXL1002 mai g 50 da 40 mV/g da ke kai 11 kHz, amma tsirara yake zuwa, gida da kariya da tuƙa doguwar waya duk a wuyanka suke.

Mita 60 ɗin nan

Kebur irin RG58 na da kusan 100 pF a kowace mita, naka ya zama 6,000 pF. Ga IEPE, karant ɗin da ake ciyar da shi ne ke cika wannan kafasita ya zubar a kowace kaɗawa, kuma amfilifayar na cin wajen 1 mA don kanta. Lissafin shi ne karant ɗin da ya rage, a raba da 6.28 sau kafasitar kebur sau tsawon siginar. Da 2 mA da cikakkiyar sigina 5 V, za ka tsaya a wajen 5,300 Hz. Da 4 mA, kusan 15,900 Hz. In siginar ba ta wuce 1 V ba, 2 mA ma ya kai ka sama da 26,000 Hz. Wato matsalar ba ta tasowa sai girgiza mai ƙarfi da sauri sun haɗu, kamar bugun nozul a jikin injin. In ta taso, siginar na karkacewa, ta haifi girgizar ƙarya a ƙananan Hz. Ga ADXL335 kuwa, kebur ɗin kaɗai da 32 kΩ sun yanke shi a wajen 830 Hz, ban da hayaniyar da zai kwaso a hanya.

A ganinmu, maimakon jan kebur huɗu zuwa ofis, gara a kai DAQ ɗin kusa da janareta cikin akwatin ƙarfe, nesa da salansa, a ja wayar Ethernet guda ɗaya, wadda ke kai mita 100. Gindi irin cDAQ-9181 an yi shi don haka.

Tarkon 50 Hz

Nan ya kamata ka fi sa ido. Juyi 1,500 a minti shi ne 25 Hz. Ninki biyunsa 50 Hz, kuma ninki biyu shi ne wurin da ake duba ko injin da altaneta ba su daidaita a layi ɗaya ba. Wutarmu ma 50 Hz ce. Hayaniyar lantarki na zama daidai kan kujerar ciwon da kake nema, sai a kwance kofulin lafiyayye a banza.

Hanyar shigarta ita ce haɗin ƙasa biyu. Ƙananan ma'aunai na ɗakin gwaji masu bakin 10-32, irin PCB 352C33, jikinsu shi ne wayar dawowa. Ka ɗaura shi a janareta, raga ta haɗu da ƙasar janareta a can, ta haɗu da ƙasar ofis a nan ta hanyar kwamfuta, ɗan bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu ya bi ta ragar. Na masana'anta irin Wilcoxon 786A, mai baki mai tsinke biyu, jikinsa a ware yake da lantarkinsa. Ana ja masa waya biyu murɗaɗɗu cikin raga, a haɗa ragar da ƙasa a gefen DAQ kaɗai. In naka irin na farko ne, a sa masa matashin da ke raba shi da ƙarfen injin.

A injin lantarki mai cin wutar layi akan gane asalin 50 Hz ɗin ta hanyar kashe wuta: na lantarki ya ɓace nan take, na ƙarfe ya gangaro a hankali. A janareta wannan gwajin ba ya rabawa sosai, domin wutar da juyin tare suke sauka. Ga gwajin da ke aiki: janareta na tafiya da kaya, kwance ma'aunin ka ɗora shi a kan soso kusa da wurinsa. In 50 Hz na nan, kebur ne ke kwasowa, a raba hanyarsa da manyan wayoyin wuta, in dole su haɗu su gitta juna. In ta ɓace, ɗauki guntun waya ka haɗa jikin ma'aunin da jikin janareta yana kan soson. In ta dawo, haɗin ƙasa biyu ne. In ba ta dawo ba, 50 Hz ɗin na ƙarfe ne na gaske. Cire cajar laftof a bar ta a kan batir ma gwaji ne na daƙiƙa biyar.

Sai matatar da muka ambata. USB-6009 ba ta da ita. In kana karatu 2,000 a daƙiƙa, girgizar gaske ta 1,900 Hz za ta bayyana a 100 Hz, daidai inda ake duba ciwon maganaɗisun altaneta, kuma bayan an ɗauka ba wata manhaja da za ta bambance su. Ko a sa matata kafin ƙofar, ko a yi karatu da sauri sosai. Ka'idar masu aikin ita ce ninki 2.56 na mafi saurin abin da ake nema: 10 kHz na son 25,600. Karatu 48,000 na USB-6009 kuma raba shi ake yi, ƙofa huɗu kowace ta samu 12,000, bi da bi ba lokaci guda ba. Ga ƙanƙantar awo: bit 14 a kan 10 V sama da ƙasa na ba da taki 1.2 mV, alhali girgizar 1 mm/s a 25 Hz ba ta wuce 1.6 mV a ma'auni mai 100 mV/g ba. In dole da ita za ka yi, zaɓi zangon 1 V ko ka ninka siginar sau 10 a akwatin.

Ɗauri ma na cikin wayarin, ko da ba waya ba ne. Noti a kan wuri mai santsi da aka kankare wa fenti, da ɗan giris, a ɗaure da ƙarfin da takardar ma'aunin ta faɗa, shi ke kai ka 10 kHz. Maganaɗisu mai ƙafa biyu na fara ƙarya daga wajen 2 kHz, riƙewa da hannu kuma bai kai 1 kHz ba. Don awon mm/s na gaba ɗaya, irin wanda ISO 8528-9 ta tsara wa janaretoci, maganaɗisu ya isa. Don kama boris tun ciwonsa na ƙarami, sai noti.

Rabon da za mu ba ka shi ne: sabon IEPE ɗinka a gidan boris na altaneta. Ka ƙaro wani na jikin injin, amma mai 10 mV/g, domin bugun dizal na iya cika mai 100. Tsohon mai caji ya tafi gefen turbo da 'yar na'urar juyawa, bayan an auna zafin wurin an kuma gwada shi a kan ƙaramin injin gwaji na hannu, wanda ke kaɗawa a 159.2 Hz. Kankare kuma, ADXL335 a kan USB-6009 da gajeren kebur zai nuna maka ko akwai abin damuwa. In akwai, IEPE mai 500 mV/g ya ɗauki ƙofa ta huɗu. Kafin ka sayi komai, nemi aron akwatin IEPE mai batir, jona sabon ma'aunin, ka duba ko DC ya tsaya tsakanin 8 da 12 V.